Mun bi sawun ambilans daga Gulbin Kaba zuwa Maraɗi

Wannan labari ya fito daga ƙungiyarmu ta mata 30 da ke wani ƙauye arewa da Mayahi, bayan Gulbin Kaba. Mu biyar aka wakilta: shugabarmu, ma'ajiya, ungozomar gari, mai rubutunmu, da wata ɗiyarmu ƴar shekara 19 da goyonta. Ita ce dalilin tafiyar.

A bazarar da ta wuce ta haihu gida bayan isha'i. Yaro ya faɗo lafiya, mabiyiya ta fito, amma jini ya ƙi tsayawa. Mijinta yana ci-rani Najeriya, salularsa ba ta shiga. Surukinta ya ce a dakata a ga hali. Da aka yarda a tafi, sai maganar kuɗi ta taso. Akwatinmu mabuɗi uku gare shi kamar na kowace ƙungiya, kuma ɗaya daga cikin masu mabuɗin ta tafi buki wani gari. Mai amalanke shi ma sai da aka je gona aka kamo shanunsa. Daga lokacin da ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta zuwa lokacin da amalanke ya tashi, an ci awa guda da rabi. Allah ya yi da sauran kwananta gaba, ta rayu. Shekara biyu kafin nan wata ƴar ƙungiyarmu ba ta kai ba, bisa amalanke ta cika, Allah ya jiƙanta.

Ranar zubi, bayan an gama yankan hatsi, wata tsohuwarmu ta yi tambaya: su wa suka ɗauki yarinyar nan har Maraɗi? Muka dubi juna. Ita kanta ba ta tuna komi daga ƙofar gida har ta farka bisa gadon likita. Mu kuwa abin da muka sani game da ambilans shi ne farar mota mai jiniya, wadda in ta wuce muke cewa Allah ya sawwaƙe. Sai muka ce zumunta a ƙafa take. Bari mu bi hanyar da rana, mu ga mutanenta ido da ido, mu yi musu godiya, mu kuma tambaye su abin da suke so daga gare mu.

Amalanke cikin kaba

Mun tashi bayan asuba bisa amalanken da ya ɗauke ta wancan dare. Wadda ba ta san ƙasarmu ba, kada sunan gulbi ya ruɗe ta. Gulbin Kaba kwari ne mai faɗi, mafi yawan shekara ba ruwa mai gudu cikinsa, sai goriba da kaba iya ganinki. Daga nan muke samun abin saƙar tabarma da faifai da igiya. Yanzu da kaka gawo ya fara fitar da ganye alhali sauran itatuwa suna shirin zubarwa, dammunan hatsi sun shiga rumbu, awaki na kiwo cikin kara. Da rana wuri ne mai daɗin kallo. Amma rairayi ne mai zurfi, ƙafar amalanke na nutsewa, kuma hanyoyi sun rarrabu tsakanin gonaki, in ba ɗan gari ba sai mutum ya ɓace.

Mai rubutunmu ta duba agogon salula. Kilomita tara ne zuwa likitar CSI mafi kusa da mu, mun yi su cikin awa biyu da kwata, da rana ke nan, shanu kuma sun huta.

A hanya muka fara sanin mutum na farko, ga shi maƙwabcinmu ne da muke gaisawa kullum. Shugaba ta ce masa, "Malam, mi za mu yi a rage wahalar ranan?" Ya ce, "Hajiya, ku dai ku gaya mini watan da mace ta shiga. In na sani, shanu gida za su kwana, amalanke da iska a taya. Ranan sai da munka bi su da tocila."

Wanda ya rako mu a kan moto shi ne rele ɗin garinmu, wato ɗan sa-kai da ke zagayawa da maganin zazzaɓin yara da damina. Ashe lambar majo tana cikin salularsa tun tuni, ya kuma san tudun da rezo ke kamawa, bayan lekol. Wancan dare ba wanda ya tashe shi, don mun ɗauka maganar haihuwa ta mata ce. Kunyar nan ta kusa ci mana rai.

Gun majo

Likitar CSI gini ne ƙarami mai shinge, da bedi biyu a tsakar gida, mata na zaune a inuwa da karnen awo a hannu. Majo ya gama duba mutane kafin ya zamna da mu, shi da ungozomar likita, wadda muke cewa sajfam. Gidansa na cikin shingen, ko ƙarfe nawa aka buga ƙofa shi ne.

Ya ce su ma'aikatan lafiya jinkiri uku suke lissafawa. Na ɗaya, jinkirin yanke shawara a gida. Na biyu, jinkirin hanya. Na uku, jinkirin samun kulawa bayan an iso. "Inna," ya ce da ungozomarmu, "na ukun namu ne, mu za a tambaya. Na ɗaya da rabin na biyu suna hannunku. Zubar jini bayan haihuwa tana iya ɗaukar rai cikin awa biyu. In kunka ci awa guda kuna shawara, mi ya rage mini?"

Sajfam ta shigar da mu ɗakin haihuwa. Ta buɗe firigo mai aiki da wutar sola ta nuna mana allurar da ake yi wa mace da zarar ta haihu, don mahaifa ta tsuke jini ya tsaya. Ta nuna mana ƙwayoyi masu irin wannan aiki. Sannan ta ɗauko wani abu kamar wandon roba mai maɗaurai, ana naɗe mace da shi daga ƙafafu zuwa mara. Yana matse jini ya koma wajen zuciya da kai, ya riƙe ta har a isa inda za a yi mata ƙarin jini. Ta dubi ɗiyarmu ta ce, "Ƙanwata, cikin wanga kika yi tafiya." Yarinyar ta shafa shi, ba ta ce komi ba.

Ga alamun da suka ce kada a kwana da su, mun rubuta: jini ga mai ciki ko mai jego wanda ke jiƙa zani, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, faya ta fashe ba naƙuda, naƙudar da ta kai daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ɗa ya daina motsi, hannu ko cibiya ta rigayi kai fitowa. Sajfam ta ƙara da cewa mafi sauƙi duka shi ne a zo nan a haihu, tun naƙuda na fari.

A nan muka gane yadda ake kiran ambilans. Majo ne ke kira, bayan ya duba ya ga abin ya wuce ƙarfin wurinsa. Ya rubuta takardar turawa, ya faɗi abin da ya gani da maganin da ya bayar, ya buga wa na gaba waya su shirya. Don haka in rele ya kira shi tun muna ɗaura shanu, shi ma zai iya sanar da direba, kowa ya tashi lokaci guda. Ranan sai da muka iso ƙofarsa ya ji labari.

Direba da mai riƙon ruwa

Daga nan muka shiga motar kasuwa zuwa Mayahi, muka isa bayan azahar. Majo ya riga ya yi mana iso, sai muka tarar da direban ambilans zaune bisa benci kusa da motarsa, a harabar babbar likitar gunduma. Dattijo ne mai furfura a gemu. Abin da muka fara lura da shi, gaban motar na kallon ƙofar fita. Ya ce haka yake aje ta kullum, don kada ya ɓata lokaci wajen juyawa. Kowace safiya sai ya duba ruwa da mai da tayu, ko an kira ko ba a kira ba. A baya akwai shebur da igiya. In ya shiga rairayi irin namu yakan rage iskar tayu don kada mota ta kafe, in ya hau kwalta ya nemi inda zai ƙara.

Ma'ajiya ta ce, "Baba, mi ya fi ba ka wahala?" Ya yi dariya ya ce sunayen garuruwa. Ƙauyuka da yawa suna ɗaya gare su, ga Gidan wane nan, ga wani Gidan wane can. In an kira, a faɗi komin da kasuwar da ke kusa da wata alama, rijiya ko lekol ko babbar tsamiya, a kuma sa yaro da tocila a mararraba. Na biyu, ƴan rakiya. Mota wurin maras lafiya ne da ma'aikaci, sai mutum ɗaya ko biyu. "Amma sai ki ga mata shida da tukwane da tabarmi, kowa na kuka, kowa sai ya shiga. Ku zaɓi mai rakiya tun ana lafiya, wadda ta san karnen awo, ta kuma iya ba likita amsa."

Muka ce masa ga yarinyar da ya ɗauka da bazara. Ya dube ta ya girgiza kai. "Ɗiyata, ni hanya nike kallo. Mai ganin fuska yana ciki." Ya aika aka kira wani matashin ma'aikacin jinya. Shi ne ya zamna da ita a baya, yana riƙe da robar ƙarin ruwa, yana taɓa wuyan hannunta, yana kiran ta don kada ta tafi. A nan Mayahi an ba ta taimakon farko, likita ya ga ya fi kyau a wuce da ita Maraɗi, shi ya sake shiga motar. Da ya gan ta tsaye da ɗa a baya sai ya kama baki. Ya ce su aikinsu kaiwa ne. Su sauke mutum, a sa hannu a takarda, su juyo don wani kira na jira. Sau da yawa ba su jin ƙarshen labari, ko an rayu ko an rasu.

Yarinyar ta kwance goyo ta miƙa masa. Yaron wata bakwai ya kama masa aljihun riga. Direba ya juya yana goge gilashin da ba shi da ƙura. Mun ba su tabarma biyu saƙar hannunmu, suka ce ba a taɓa biyo su da godiya har nan ba.

Mun yi maganar kuɗi, don kun san mu. Tun 2005 gwamnati ta mai da fiɗar ciki kyauta, a 2006 aka ƙara da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Amma kamar yadda direba ya ce, mota gazuwal take sha. Yadda ake biyan man ɗaukar maras lafiya ya bambanta daga wuri zuwa wuri, kowace ƙungiya ta tambayi majonta yadda abin yake a yankinta. Ban da mai, akwai abincin mai jinya, da sabulu, da kuɗin motar komawa gida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Cadawa zuwa Maraɗi

Washegari muka kama hanyar kudu. Daga Mayahi zuwa Maraɗi kusan kilomita 90 ne. A Cadawa ake haɗuwa da babbar hanya ta ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram. Nan duniya ta canza: manyan motoci ɗauke da buhuna, ƴan tallar ƙosai da rake a bakin kwalta, amalanken jakai a gefe. Muka tuna abin da direba ya ce, da dare amalanke maras fitila da dabbar da ta tsallaka hanya sun fi rairayi ba shi tsoro. Ɗiyarmu na jikin taga tana kallo. Ta ce ashe duk nan ta wuce.

Maraɗi kuwa sai kabu-kabu da adaidaita ta ko'ina, har kanmu ya yi nauyi. Mun je cibiyar lafiyar uwa da yaro. A ƙofa da inuwar itatuwa ƴan jinya ne daga ko'ina cikin jiha, na Dakwaro, na Tasawa, na Madarumfa, kowa da tabarmarsa da kwanonsa. Ba mu daɗe ciki ba, wuri ne na aiki. Wata sajfam da ta sauka daga aikin dare ta tsaya ta saurare mu, ta yi wa yaro wasa, ta ce in muna son gode wa wanda ya fi cancanta mu je wurin ajiyar jini.

Can muka ga firigo cike da robobin jini, kowace da alamarta: A, B, AB, O. Ma'aikacin ya ce jini ba ya daɗewa, ƴan makonni ne ya lalace, shi ya sa kullum ake neman sabo. Da damina, lokacin da zazzaɓin sauro ke shanye jinin yara, buƙata ta fi yawa. Muka tambaya ko za mu ga wanda ya ba ɗiyarmu nasa. Ya ce ba a faɗi, mai bayarwa ma bai san wa ya samu ba.

Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki na mayar da shi. Mai bayarwa sai ya kai shekara 18 da nauyin kilo 50, yana da lafiya. Mai ciki da mai shayarwa ba su bayarwa. Ana gwada jinin kafin a sa wa kowa, allura kuma sabuwa ce ga kowane mutum. Ma'ajiyarmu, wadda kowa ya san ba ta son bashi ya kwana, ta naɗe hannun riga ta ce a ɗiba. Cikin minti goma aka gama. Ta sha lemo ta tashi da ƙafarta, ta ce an rage bashin ƙungiya.

Mun kwana unguwar Zariya wurin wata ƙungiyar mata irin tamu. Ɗaya daga cikinsu ƴar sa-kai ce ta Kurwa Ruj, ƙungiyar agaji da ke aiki a ƙasarmu tun 1963, ƙanenta kuma soja ne cikin ƴan kwana-kwana. Mu da muka ɗauka kashe gobara kaɗai suke yi, ashe su ke kwasar waɗanda suka yi haɗari a hanya, su ke fitar da wanda ya faɗa rijiya. Lambarsu 18 ce. Bayan tuwon dare suka shimfiɗa tabarma suka koya mana da hannu. Mai jijjiga a kwantar da ita bisa gefen hagu, kada a tura mata cokali ko ruwa a baki. Rauni mai zubar jini a danne shi da tsumma mai tsabta, a yi ta dannewa. Ƙuna a zuba mata ruwa mai sanyi a daɗe ana zubawa, ban da toka ko man goge haƙori. Wanda maciji ya sara, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure tamau, a hana ƙafar motsi a kai shi likita. Shugabarmu ce ta kwanta aka gwada da ita, dariya har maƙwabta suka leƙo.

Da za mu kwanta ƴar Kurwa Ruj ta ce, "Yaya, ku daina cewa su da mu. Wanda ya fara isa wurin maras lafiya shi ne ma'aikacin gaggawa na farko. A ƙauyenku ku ne."

Abin da muka zartar

Da muka dawo muka ba ƙungiya labari, aka yanke abu biyar.

Na ɗaya, asusun gaggawa dabam da akwatin zubi. Kowa dala 10 a mako, mu 30 ya kama jika ɗaya da rabi, a wata jika 6. Yana hannun mata biyu da ke kusa da juna, ko ɗaya ta isa ta fitar da dare, a yi lissafi gaban kowa ranar zubi.

Na biyu, duk wadda cikinta ya shiga wata takwas, ungozoma ta sanar da rele da mai amalanke, a kuma zaɓi mai rakiya.

Na uku, mun je gun mai gari da liman. An yarda duk magidancin da zai tafi ci-rani ya bar izini gaban shaidu cewa in lalura ta taso a kai iyalinsa likita ba sai an same shi ba. Surukin ɗiyarmu ne ya fara cewa ya yarda.

Na huɗu, lambar majo da ta rele da ta mai amalanke an rubuta su cikin murfin akwati da bangon lekol. Salula guda ta ƙungiya kullum da caji da kuɗin kira.

Na biyar, duk wanda aka ɗauka daga garinmu, in ya dawo za mu kira majo mu gaya masa yadda aka ƙare, shi kuma ya isar wa direba da abokin aikinsa. Wannan su suka roƙa.

Tafiyar ta ci mana kwana uku da kuɗin mota, an kuma yi gardama kafin a fitar da su. Yanzu mata biyu cikinmu sun shiga wata takwas, shanu na kwana gida. Ƴan uwa na Tawa da Damagaram da Yamai, hanyarku dabam ce da tamu, wata dutse, wata kwalta, wata gulbi mai ruwa. Ku zaɓi rana ku bi ta, ku duba agogo, ku gaisa da mutanen da ke kanta, ku karɓi lambobinsu. In kun je ku rubuto mu ji abin da kuka tarar.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya ba masu jinya sauƙi, ya tsare masu tuƙin dare. Amin.